Ƙafar Baba Lallaɓa

A gonar kajin nan, lasisin tuƙi ne kaɗai ya san sunan Baba Lallaɓa na yanka. Kowa Lallaɓa yake ce masa, tun daga masu kwasar ƙwai a keji har masu shagunan da yake kai wa kaya a cikin gari, kuma sunan bai zo a banza ba. Shekara ashirin da shida yana jigilar ƙwai a kan hanya mai ramuka da tudun rage gudu goma sha ɗaya, amma sai a yi wata shida ba a ji ƙwai ɗaya ya fashe a hannunsa ba. In zai tuƙa mota yakan cire takalmin dama ya tura shi ƙarƙashin kujera. Ya ce totur kamar goshin jariri ne, ba a taɓa shi da takalmi.

Motar da yake ja sunanta Raƙuma, farar motar kaya mai rufaffen baya da giya biyar ta hannu. Shi ya raɗa mata sunan, don in ta sha mai ranar Litinin ba ta sake tambayar hanyar famfon mai sai Juma'a. Shekararta goma sha tara a gonar. Fentin ƙofar direba ya goge daidai inda yake ɗora gwiwar hannu, kan sandar giya ya yi santsi har lambobin sun ɓace, ƙofar baya kuma ba ta rufuwa sai an ɗan tallafe ta da gwiwa. Shi duk wannan bai ɗauke shi aibi ba. Hali ne, in ji shi, kuma kowa da nasa.

Wata Asabar ya dawo daga gari ya tarar da wata shuɗiyar mota sabuwa fil a ƙarƙashin rumfar kwano, daidai gurbin Raƙuma. Ma'aikata sun kewaye ta suna ta shafawa. A kujerar direba Guguwa ne ya baje, ɗan yayarsa, mai jan babbar motar abincin kaji, ƙaton mutum mai 'ya'ya huɗu wanda har yau bai iya shigowa ƙofar gona ba tare da ya kori kaji da karnuka ba.

"Kawu, zo ka ga ikon Allah!" in ji Guguwa. "Abin takawa biyu kacal, totur da birki. An huta da tuƙa sanda kamar mai juya tukunya."

Baba Lallaɓa ya sunkuya ya leƙa ƙasan sitiyari, ya daɗe yana kallo.

"Ina kulocin? A hanya ya faɗi?"

"Otomatik ce, Kawu. Ita take sa wa kanta giya."

"Madalla. Man ma ita take sa wa kanta?"

Ana cikin dariya sai ga uwar ɗakinsu ta fito daga ofis, mai gonar, wadda ta gaje ta daga mahaifinta. Baba Lallaɓa ne ya riƙa kai ta makarantar firamare tana riƙe da gorar ruwa, saboda haka har yanzu Baba take ce masa, shi kuma 'yar nan yake ce mata. In ka ji ya ce mata ranki ya daɗe, to akwai magana.

Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce dillali ne ya bar motar a gwada ta mako guda. In ta yi, Asabar mai zuwa zai zo ya tafi da Raƙuma a madadinta. In ba ta yi ba, ya ɗauki abarsa.

"Sau uku Raƙuma ta kwana a gareji bana, Baba," ta ce. Sai ta rage murya yadda shi kaɗai zai ji. "Kuma na ga yadda kake saukowa daga mota kwanan nan. Gwiwar hagun nan."

"Gwiwata ce, ranki ya daɗe, ba ta gona ba ce." Ya miƙe tsaye sosai. "Ki bar maganar gwiwa, mu yi ta mai. Otomatik mashayiya ce. Marigayi mahaifinki ya taɓa sayen irinta, ni na ja ta. In na taka totur, da idona nake ganin allurar mai tana sauka kamar guga a rijiya."

Daga ƙarƙashin sabuwar motar wata murya ta fito. Bakanike ne, tsohon abokin Baba Lallaɓa kuma abokin gardamarsa, wanda aka kira ya duba ta. Ya jawo jikinsa waje yana goge hannu da tsumma.

"Waccan giya uku gare ta, Lallaɓa, kuma zamewa take yi, rabin ƙarfin injin a hanya yake zubewa. Wannan shida gare ta, da kwamfuta mai zaɓa mata. Duniya ta yi gaba tun kana neman takalminka a ƙarƙashin kujera."

"Kwamfutar ta san ramin da ke gaban asibiti? Ta san danjar kasuwa za ta koma ja kafin a iso? Ni na sani. Mota ba ta da ido, malam. Wanda ya ga hanya shi ya kamata ya zaɓi giya."

Uwar ɗakin ta saurare su har suka gaji, sannan ta ce bayan abincin kaji babu abin da ke cin gonar nan kamar mai, don haka motar da ta fi sha ba za ta zauna ba, ko sabuwa ce ko tsohuwa. Gani ya kori ji. Bakanike ya tsara yadda za a yi: a raba ƙwan Litinin gida biyu, kiret ɗari-ɗari, a cika tankunan har baki a famfo guda, a bi hanya guda a sauke a shagunan layi guda, a dawo famfon nan a sake cikawa. Abin da kowace ta karɓa, shi ta sha.

Baba Lallaɓa ya yi murmushi. Wannan ai an kira kifi gasar iyo ne.

Amma da ya ajiye Raƙuma a rana, tunda Baƙuwa ta cinye mata inuwa (nan take ya sa wa sabuwar wannan sunan), sai ya zauna a ciki na ɗan lokaci, hannunsa a kan sandar giya. Ba rabuwa da ƙarfe kaɗai ke damunsa ba. Duk abin da ya mai da shi Lallaɓa a tsakanin ƙafar hagu da hannun dama yake: yadda yake sakin kuloci ƙwai bai sani ba, yadda yake jin lokacin giya a kunnensa. In mota ta iya wannan da kanta, to ko wa aka ɗora a kujera ya wadatar.

Ranar Litinin ya yi tuƙin da ya saba, bai ƙara ba bai rage ba. Ya shiga giya biyar da wuri, ya hango kowace danja tun daga nesa, a doguwar gangaren da ke bayan gada ya cire giya ya sa Raƙuma a firi ta silale abinta. Guguwa, da ke jan Baƙuwa, ya wuce shi tun a kwanar farko yana ɗaga masa hannu, ya kuma riga shi dawowa da kusan rabin awa. A gidan mai, matar da ke ba da mai ta cika Baƙuwa har ya leƙo a baki.

"Lita goma sha ɗaya," ta ce.

Ta juya kan Raƙuma. Ba a jima ba famfon ya yi ƙas.

"Tara."

Baba Lallaɓa ya sa takalminsa a tsanake, ya sauko, ya shafa wa Raƙuma bonet.

"Ɗan yaya, ka gaida dillali," ya ce wa Guguwa. "Ka ce masa mun gode da ziyara."

Uwar ɗakin tana tsaye a inuwar famfo, ta jira ya gama shagalinsa.

"Baba, tambaya gare ni. Yau mota muka gwada, ko direba?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Gobe a yi musaya," ta ce. "Kai ka ja Baƙuwa, Guguwa ya ja Raƙuma. A haɗa na kwana biyun, wadda ta fi sha ta tafi."

Da la'asar yana zaune a tabarma a tsakar gida, ya miƙe ƙafar hagu, maiɗakinsa tana murza masa man zafi a gwiwa. Ya ba ta labari duka, sannan ya faɗi abin da ya ƙulla a hanya. Guguwa zai wahalar da Raƙuma gobe, wannan babu shakka, za ta sha fiye da ƙa'idarta. To amma shi ma ai yana da ƙafa. In ya taka Baƙuwa yadda Guguwa ya taka ta, ya ɗan ƙara gishiri, lissafi zai dawo gida.

Ta ɗago ta dube shi.

"Kai?"

"Ni mana."

"Kai da ko ƙofar ɗaki ba ka iya bugawa in ka yi fushi? Shekara talatin ina jira in ji ƙararta."

"Ai ba ƙarya zan yi ba. Tuƙi zan yi, irin na mutanen yanzu."

"To, Allah ya ba da sa'a, malam." Ta rufe kwalbar man. "Amma ƙafar nan taka na san ta. Ba ta jin maganarka."

Washegari Bakanike ya shiga gefensa don ya nuna masa kan motar. Ya nuna masa harafin tafiya da na baya da na tsayawa, ya ce sauran duk ya bar wa mota.

"Abu guda kawai. Ka naɗe ƙafar hagu ka manta kana da ita."

"Ni za ka koya wa tuƙi? Ina kan kwalta kana wanke sifana a bokiti."

"Na dai faɗa."

Aka cika tankuna. Guguwa ya fizgi Raƙuma ta fita tana kuka, abin da ya ƙara wa Baba Lallaɓa ƙarfin zuciya. Ya hau kwalta, ya danne totur yadda bai taɓa danne wani totur ba a rayuwarsa. Baƙuwa ta yi gurnani ta zabura. Kunnensa ya ce lokacin giya biyu ya yi, kuma kafin ya yi tunani ƙafar hagu ta tashi da kanta ta sauka da dukkan ƙarfinta inda kuloci ya kamata ya kasance. Birki ne a wurin, mai faɗi.

Motar ta tsaya cak kamar ta daki bango. Hular Bakanike ta yi tsalle ta faɗa kan gilashi. Daga baya kuma aka ji wani sauti, ɗan ƙarami, wanda Baba Lallaɓa zai gane ko a tsakiyar kasuwa.

Ya gangara gefen hanya, ya sauko ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu, ya buɗe baya. Kiret ɗin sama na layin gaba ya zame ya kife. Kwaiduwa tana bin ƙasan motar a hankali tana neman ƙofa. Ya tsuguna ya ƙirga ɓawon. Bakwai.

Bakanike ya zo ya tsaya a kansa yana gyara hula.

"Kada ka damu, ba zan faɗa wa kowa ba. Sai 'yan gareji kawai, da matata."

Baba Lallaɓa ya miƙa hannu. Ya karɓi tsumman Bakanike ya goge ƙasan motar tas, ya gyara kiret-kiret ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya ƙara ɗaure igiya. Da ya koma kujera sai ya cire takalmin hagu shi ma, ya tura shi wajen ɗan'uwansa, ya naɗe ƙafar baya can ƙarƙashin kujera kamar yaron da aka yi wa faɗa.

Niyyarsa tana nan, bai fasa ba. Ya dai ga cewa ba da fizga za a yi ba, tunda ƙwai ba su yi masa laifin komai ba. Akwai wasu hanyoyin ƙona mai. A shagon farko ya ƙudura zai bar injin a kunne har a gama sauke kaya. Yana tsaye yana miƙa kiret na uku sai ya ji makulli a aljihunsa. Hannunsa ya kashe motar bai shawarce shi ba. A miƙaƙƙiyar hanyar da ke bayan asibiti ya ce to a nan ne, ya fara dannawa, sai ya ji kiret sun fara 'yar hira a baya, ƙafar ta ɗago da kanta. Danjar kasuwa kuwa tun daga nesa ya ga ta daɗe a kore, ya san ba za ta jira shi ba, ya saki totur, motar ta silala ta isa layin daidai lokacin da ja ta gama ta koma kore, ko birki bai taɓa ba.

"Kai dai anya," in ji Bakanike.

"Anya me?"

"Babu. Hanya nake kallo."

Da suka hau kan doguwar gangaren bayan gada, hannun Baba Lallaɓa ya tafi zai sa firi. Bakanike ya buge hannun.

"Bar ta a giya. Ɗaga ƙafa kawai, ka dubi allon nan."

A tsakiyar allon akwai wata 'yar lamba mai nuna abin da mota take sha a daidai lokacin. Baba Lallaɓa ya ɗaga ƙafa. Lambar ta sauko, ta sauko, ta tsaya a sifili.

"Ta lalace," ya ce.

"Lafiyarta ƙalau. In kana gangara a giya, tayoyi ne ke juya inji, sai ta rufe mai gaba ɗaya. In ka sa firi, dole inji ya riƙa kurɓa don kada ya mutu."

Da suka kai rabin gangaren, Baba Lallaɓa ya juyo.

"Raƙuma fa?"

"Ita ma haka take tun ranar da aka ƙera ta. Sau nawa na gaya maka?"

Baba Lallaɓa ya tuna shekara goma sha tara na firi a wannan gangaren, kullum yana jin kansa mai wayo.

"Ba ka gaya mini da kyau ba," ya ce.

Daga nan ne abin ya fara shiga ransa, irin yadda sabon rediyo ke shiga ran mai gyaran rediyo. Ya kasa kunne. Baƙuwa tana canja giya a ɓoye, amma ba ta fi ƙarfin kunnensa ba: ga ta biyu, ga ta uku. Ya lura in ya ɗan sassauta babban yatsa, kaɗan kawai kamar mai taka ƙaya, sai ta haye giya ta gaba tun kafin lokacinta. Ya sake gwadawa, ta sake hayewa. Kafin su kai shataletalen tasha ya iya kai ta giya shida a gudun da Guguwa ke giya huɗu.

"Ashe tana jin magana," ya ce, ba da Bakanike yake ba.

A cunkoson bakin kasuwa suka yi kusan minti ashirin ana ja ana tsayawa. Nan ne kullum gwiwarsa take fara yi masa waƙa, taka kuloci, saki kuloci, har ya fita yana cije leɓe. Yau sai da suka fita ya tuna bai ji ta ba. Wannan bai faɗa wa kowa ba. Can gaba ya hango Raƙuma tana hawan tudun makaranta a giya biyu, tana ihu, hayaƙi na bin ta. Ya ji kamar ɗansa ake duka a gidan maƙwabta.

Suka sauke kiret na ƙarshe wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Saura komawa, kilomita ashirin da 'yan kai, hanya a buɗe, bayan mota wayam. Bakanike ya kishingiɗa da kujera.

"Yanzu dai babu ƙwai a baya," ya ce. "In mutum yana da wata niyya tun safe, ni barci nake ji." Ya ja hula ya rufe fuska.

Baba Lallaɓa ya dube shi ta gefen ido. Wato tun a bakin famfo tsohon nan ya karanta shi.

Ya yi lissafi a ransa. Irin kukan da ya ji Raƙuma tana yi, za ta sha goma sha biyu ko fiye. Shi kuwa yadda ya lallaɓo Baƙuwa, ya yi nisa da abin da ake bukata. Amma kilomita ashirin ba wasa ba ne. In ya danne ta har ƙasa, ya kunna na'urar sanyi, ya riƙa fizga yana birki, zai iya mayar da abin da ya tara, Raƙuma ta koma inuwarta.

Ya danna. Baƙuwa ta sauke giya biyu a take ta yi tsalle gaba, bishiyoyi suka fara gudu baya. 'Yar lambar allon ta haura, ta ninka, ta sake ninkawa. Yana kallonta sai ya ji kamar ya tsaya a tsakar gona da jarka a hannu yana tuttular da mai a ƙasa, 'yar nan tana kallo ta tagar ofis. Ita ba ta hau motar ba, ba ta san komai ba sai lambar da za a faɗa mata a famfo, kuma da wannan lambar za ta yanke abin da gonar za ta zauna da shi shekara goma. Tun tana riƙe da gorar ruwa, in ya ce mata an iso, ba ta leƙa taga ta tabbatar.

Bai kai kilomita ɗaya ba ƙafar ta ɗago. Wannan karon da saninsa.

Daga ƙarƙashin hula Bakanike ya ce, "Har an gama?"

"Ka yi barcinka."

A gidan mai sun tarar da Guguwa ya riga su, yana fifita da hula, Raƙuma na ƙamshin kuloci. Uwar ɗakin tana nan a inuwar jiya. Matar famfo ta fara da Raƙuma, famfon ya yi ta zuba kamar ba zai tsaya ba.

"Goma sha biyu da rabi."

Baba Lallaɓa ya runtse ido. Aka koma kan Baƙuwa. Matar ta cika, ta jira kumfa ya kwanta, ta ƙara 'yan ɗigo har ya leƙo, ta dubi allon famfo, ta sake dubawa.

"Takwas da rabi."

Uwar ɗakin ta haɗa a bakinta kowa yana ji. Raƙuma, tara da goma sha biyu da rabi, ashirin da ɗaya da rabi. Baƙuwa, goma sha ɗaya da takwas da rabi, goma sha tara da rabi.

"Na faɗa!" Guguwa ya daka tsalle. "Kawu, na faɗa maka! Kwamfuta ba ta ƙarya!"

"Kai rufe mana baki," in ji Bakanike. "Dubi lambobin da kyau. A ƙafar kawunka, tsakanin motocin nan rabin lita ne kacal. Tsakaninka da kawunka kuwa, a wannan lita biyu da rabi, a waccan uku da rabi. Ba a tanki ramin yake ba, ɗana, a takalminka yake."

Matar famfo ta yi dariya har ta dafa famfon. Guguwa ya dubi takalminsa, wani ƙaton abu mai tafin taya, kamar yau ya fara ganinsa.

Uwar ɗakin ta juyo.

"Baba, me ka ce?"

Ya ɗan jima yana kallon Raƙuma, fentin nan da gwiwar hannunsa ta cinye.

"Kafin in ce komai, ƙwai bakwai sun fashe a hannuna yau. Ƙafata ce ta je neman kuloci. Kada ki ji a bakin 'yan gareji." Ya gyara tsayuwa. "Motar kuma, ki karɓe ta, 'yar nan. Ba ta da ido, wannan ban janye ba. Amma in aka gani mata, tana jin magana."

Ta ɗauki makullin Baƙuwa daga hannun Bakanike ta miƙa masa.

"To ka ci gaba da gani mata. Kuma daga Litinin Guguwa zai riƙa bin ka gari sau biyu a mako har wata ya ƙare. Babbar motar nan tasa ta fi su biyun nan sha in an haɗa."

"Ni? Haba ranki ya daɗe, da 'ya'yana huɗu za a mai da ni ɗan koyo?"

"Da su za ka zo in kana so," in ji Baba Lallaɓa. "Akwai wuri a baya."

Ranar Asabar dillali ya zo. Baba Lallaɓa ya wanke Raƙuma da kansa tun da sassafe, ya tsare mutumin kusan rabin awa yana yi masa bayani: ƙofar baya sai an tallafa da gwiwa, giya uku ba ta son gaggawa, kuma duk wanda ya saye ta a gaya masa kada ya sa ta a firi a gangara, ɓarnar mai ce kawai. Bakanike da ke gefe ya yi tari har sau biyu. Baba Lallaɓa bai ko kalle shi ba. Ya tsaya a bakin ƙofar gona yana sauraron dillalin yana canja giya, ta biyu, ta uku, har sautin ya ɓace a kwana.

Litinin da safe aka loda kiret ɗari biyu a Baƙuwa. Ya tura takalmansa biyu ƙarƙashin kujera, ya naɗe ƙafar hagu. Guguwa ya shigo gefe yana hamma, ya ja ƙofa da ƙarfi har motar ta girgiza.

"Sake buɗewa," in ji Baba Lallaɓa. "Ka rufe ta kamar akwai mai barci a ciki."

Guguwa ya sake, a hankali.

"Yawwa. Yanzu cire takalmi."

"Kawu, ai ba ni ke tuƙi ba."

"A dawowa kai ne. Bari ƙafar ta fara shan iska."